Wa Ake Kira Marar Ilimi?

Ya zama ruwan dare a kundayen digiri a ce bincike ya tabbatar masu ilimi sun sha bamban da marasa ilimi wajen ra'ayi kan auren wuri, ko shugabancin mata, ko zaɓe. Madogarar wannan iƙirari ita ce gwajin hasashe. Mai bincike yakan ƙaddara cewa babu bambanci tsakanin rukunan, sannan ya lissafa yiwuwar samun tazara kamar wadda ya gani, ko wadda ta fi ta, idan da gaske babu bambancin. Wannan yiwuwar ita ce ƙimar p. Da ta gaza 0.05, iyakar da Ronald Fisher ya yayata a 1925, sai a buga tambari, a ce magana ta ƙare.

Lissafin ba shi da aibu. Ɓarnar tana wajen rabon mutane. Takardar tambayoyin Afrobarometer, wadda kan tattauna da mutum 1,200 ko 2,400 a ƙasa guda, ta ware gurbi ga wanda karatun allo kaɗai ya yi. Amma da an zo tsara teburi, sau da yawa akan cusa shi cikin sahun wanda bai taɓa riƙe allo ko littafi ba. Ke nan alaramman Damagaram da ya rubuta Alƙur'ani da ka, da malamin zauren da ya shekara talatin yana karantar da Risala, duk sun faɗa rukuni guda da wanda bai san alif ba. Abin da aka auna boko ne, lakwal a bakin mutanen Nijar, amma da aka juyo sakamakon zuwa Hausa sai aka rubuta "ilimi". Kuskuren fassara ya rikiɗe ya zama hukunci a kan al'umma, kuma ɗaliban harshe ne ya kamata su fara tsarguwa da hakan.

Ko rabon ya yi daidai, da sauran rina a kaba. Wanda ya kai jami'a galibi ɗan birni ne, abin hannunsa da shekarunsa ma daban. Ƙimar p ba ta faɗin wanne ne ya haifar da ra'ayin, kuma a 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ba ta auna girman bambanci ko muhimmancinsa. Idan aka raba rukunin nan gida biyu, aka kwatanta ɗan Maraɗi da ɗan Maraɗi, tazarar tana iya raguwa, tana iya ƙaruwa, tana ma iya juyawa.