Ido A Sama, Fartanya A Ƙasa

Ran nan malaminmu na labarin ƙasa ya nuna mana hoton gonaki wanda tauraron ɗan Adam ya ɗauko daga sama. Wani ɗan ajinmu ya ce wannan ai harkar Turawa ce, ina ruwan mai noman gero? Ni kuwa na ce da ruwansa ƙwarai, ga kuma dalilina.

Ganye mai lafiya yakan shanye jan hasken rana, ya mayar da wani irin haske wanda idon mutum ba ya gani. In gero ko dawa suka ji ƙishirwa, ko tsutsa ta faɗa musu, sai hasken nan da suke mayarwa ya ragu. Wannan raguwar ita na'urar tauraron ke aunawa. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972. Na Turai kuma, Sentinel-2, wanda aka fara harbawa a 2015, yakan leƙa gona ɗaya duk kwana 5, hotunansa kuwa kyauta ne. A nan kusa, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan farin 1973, tana duba irin hotunan nan don ta gargaɗi ƙasashe tun rumbu bai ƙare ba.

To, amma tauraro ba ya riƙe fartanya. Ɗigo guda a hoton Sentinel-2 fili ne mai tsawon mita 10, faɗi mita 10. A gonar babana kuwa gero da dawa da wake a haɗe suke, yaya zai rarrabe su? Ga gajimaren watan Agusta da ke tare masa gani. Ko ya nuna amfani ya yi rauni, ba zai ce ƙuduji ne ko rashin taki ba, sai malamin gona ya taka da ƙafarsa.

Saboda haka ina roƙon Gwamnati ta riƙa sanar da labarin nan a rediyo da Hausa, ta kuma tura malaman gona inda hoto ya nuna matsala. Mu 'yan makaranta, in mun je hutu mu fahimtar da iyayenmu. Gargaɗin da ya kwana a ofis bai tsirar da ko zangarniya ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.