Me Ka Ci Jiya?

Akwai littattafan zane na ƙasar Japan da ake kira manga, waɗanda matasa ke karantawa a waya, iyaye ba su ma san da su ba. Akwai ɗaya da ya kamata dattawan ikilisiya su ji labarinsa. Sunansa Kinou Nani Tabeta, wato "Me Ka Ci Jiya?" Wata mata, Fumi Yoshinaga, ta fara fitar da shi a mujallar Morning a 2007, aka mai da shi wasan talabijin a 2019, fim kuma a 2021. Labarin maza biyu ne a birnin Tokyo, Shiro lauya da Kenji mai gyaran gashi, suna zaman gida ɗaya kamar ma'aurata.

Koyarwarmu a kan aure ba ɓoyayya ba ce. Tana nan a Farawa sura 2, namiji da mace, kuma ba mu sauka daga kanta ba.

Amma duk wanda ya duba littafin zai ga yawancin shafukansa girki ne. Shiro yana tashi daga ofis a kan lokaci, ya bi ta kanti yana neman abin da aka rage wa kuɗi, don ya yanke cewa cefanen wata ba zai wuce yen 25,000 ba. Ya dawo ya dafa shinkafa da miya da kifi da ganye, ana nuna yadda ake haɗa kowanne dalla-dalla. Sai su zauna su ci, kowa ya faɗi yadda ya wuni. A ganinmu wannan zaman ne ke riƙe mai karatu, kuma shi ne ya yi ƙaranci a gidajenmu.

Mu dubi kanmu a nan Gyadi-Gyadi da Tarauni. Uba yana bakin titin Zariya yana jiran adaidaita sahu har dare. Uwa tana aikin kwana a asibiti, ko tana taron Zumuntar Mata. Yara su dafa Indomie, kowa ya shige lungunsa da waya. Mu ma masu hidima, sau nawa taron kwamiti ya cinye mana lokacin tuwon dare? Alhali Ayyukan Manzanni sura 2 ta nuna masu bi na fari suna cin abinci tare gida gida.

Saboda haka idan ka ga wannan littafi a wayar ɗanka, kada ka fasa wayar, kada kuma ka kai sunansa gaban jama'a ranar Lahadi. Tun Janairun 2014 dokar ƙasa ta sa ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi, kuma a gari irin namu zargi kaɗai ya isa ya jefa yaro cikin haɗari. Mu da muke 'yan tsiraru mun san zafin a nuna mutum da yatsa. A Luka sura 15, gunagunin da Farisiyawa suka yi wa Ubangiji a kan waɗanda yake cin abinci da su ne. Ka zaunar da yaron a gaban kwano, ka tambaye shi me ya gani a ciki, ka saurara, sannan ka buɗe masa Littafi Mai Tsarki.

Muna roƙon dattawa su bar daren Alhamis babu taro, kowane iyali ya ci abinci tare. Iyayenmu mata kuma su shigar da samari madafa, su koya musu kaɗa miyar kuka da tuƙa tuwo.