ƊAN TALAKA DA TAKARDAR SAKANDARE

 A wannan mako mun ajiye maganar haraji da ta kuɗin rumfa, za mu yi magana a kan yaranmu da ke cikin manyan azuzuwan sakandare, watau shekaru ukun nan na ƙarshe da ake ce wa SS1 zuwa SS3. A ƙarshensu ne ake zama jarrabawar da ke buɗe wa yaro ƙofa ko ta rufe masa. Wanda ya ce wannan ba maganar siyasa ba ce, to, bai san siyasa ba. In ɗan mai hali ya faɗi, ubansa na da wata hanya da zai bi da shi. In ɗanka ya faɗi, kai ka san inda zai koma.

Bari mu fara da bayanin abin kansa, gama da yawa daga cikinmu muna biyan kuɗin jarrabawa ba mu san abin da muka saya ba. Hukumomi biyu ne manya da ke ba da takardar gama sakandare. Ta fari ita ce WAEC, wadda aka kafa a 1952 tun Turawa na nan, tana kuwa aiki a Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Ta biyu ita ce NECO, ta ƙasar nan kaɗai, an kafa ta a 1999, babban ofishinta yana Minna. Yaro yakan zauna darussa takwas ko tara. Ko wane darasi ana ba shi daraja daga A1 har zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba ta kai mutum jami'a, F9 kuwa faɗuwa ce. Abin da jami'a ke nema shi ne kiredit biyar, tilas kuwa a cikinsu a sami Turanci, a fannoni da yawa kuma har da lissafi. Sa'an nan kuma ga jarrabawar JAMB tana jira, hukumar da aka kafa a 1978, darussa huɗu, maki 400, tun 2015 kuwa a kan kwamfuta ake yin ta duka.

Ku lura da wannan magana ta Turanci da lissafi. Yaro ya iya cin Hausa da addini da aikin gona da tattalin arziki da tarihi, ya zo gida da kiredit shida ana ta murna ana raba goro, amma in Turancinsa D7 ne, ƙofar jami'a ba ta buɗe masa ba. Mun sha ganin haka a unguwanninmu, uba ya zo ofis da takarda a hannu yana tambaya me ya sa ba a ɗauki ɗansa ba.

To, abin da muke so mu faɗa guda ne. Wannan takarda shekara uku ake yi ana cin ta, kaɗan-kaɗan, kamar yadda mai adashi ke zubi. Abin da ake zubawa kuwa lokaci ne, shi ne kuma abin da ɗan talaka ya fi rashi. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Yaron da ke riƙe lissafin bashin mutum talatin a kansa a Kantin Kwari ko Kurmi, ya ba ka canji ba tare da alƙalami ba, ba za a ce ba ya iya lissafi ba. Amma ya taso makaranta ƙarfe biyu, ya wuce rumfa, ya tsaya har magariba, ya je makarantar dare, ya dawo ya tarar ba wuta, ya kwanta a ɗaki tare da ƙanne biyar. Yaushe zai buɗe littafi? Ɗan mai hali a wannan lokaci yana zaune da malamin da aka ɗauko masa har gida, janareta na ruri a waje. Jarrabawa ɗaya za su zauna, rana ɗaya, tambaya ɗaya.

Saboda haka shawararmu ta fari ba ga yara take ba, ga iyaye take. Ku ba yaron awa biyu ko wace rana, ku sa masa lokaci sananne, kada a aike shi a cikinsa ko da sayen gishiri ne. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. Awa 2 a rana, kwana 6 a mako, sun zama awa 12, a shekara sun haura awa 600, a shekara uku sun haura 1,800. Babu wani malamin haya da zai ba ɗanka abin da waɗannan awoyi za su ba shi. Mun sani sarai hannun yaro a rumfa kuɗi ne, mun kuma san halin da ake ciki na tsadar masara da shinkafa. Ba mu ce a raba shi da kasuwa ba, sana'ar uba ma makaranta ce. Amma a yanke masa awa biyu daga cikinta kamar yadda ake cire zakka, ba a jiran sai an ji daɗi. Lokacin da ya fi kuwa shi ne bayan sallar asuba, kai a sake, gida shiru, hasken Allah kuma na tafe ba a biya.

Maganar 'ya'ya mata ta fi wannan nauyi. Yarinya ta dawo makaranta, talla na jiranta, wanke-wanke na jiranta, goyon ƙane na jiranta, wanta kuwa yana ƙofar gida yana hira. Sa'an nan in ta kai aji biyu a fara maganar aure. Mu ne dai muke kuka in an kai matanmu asibiti ba a sami mace da za ta duba su ba. Ungozomar asibiti da malamar jinya ba daga sama suke faɗowa ba, sai yarinya ta sami kiredit a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fizis kafin a ɗauke ta makarantar koyon aikin. Iyaye mata, wannan a hannunku yake. In za a yi auren ma, a sa sharaɗi a gaban waliyyai cewa za ta zauna jarrabawarta.

Yanzu kuma gare ku, 'yan makaranta. Turanci shi ne mabuɗi, gama in aka ɗebe darussan harsuna irin su Hausa da Larabci, da shi ake yin tambayar sauran darussa. Yaro da yawa ya san amsa amma bai gane abin da aka tambaye shi ba. Manyan masu gyaran takardu na WAEC sukan fitar da rahoto bayan jarrabawa, kukan da suke ta maimaitawa kuwa shi ne rashin karanta umarni da kyau da rashin iya shirya magana a rubuce. Harshe ba a haddace shi a wata uku. Mu da muka yi makarantar mishan, abin da aka yi mana ba wani sihiri ba ne: a tsai da kai ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi ko wace safiya, ka rubuta wasiƙa ɗaya ko wane mako, malam ya cika ta da jan alƙalami, ka sake rubutawa. Ku yi haka. Ko tsohuwar jaridar da aka ƙunsa ƙosai a ciki ce, ku karanta. Ku sami ƙaramin littafi na rubuta baƙin kalmomi, biyar a rana sun isa. A takardar Turanci ana neman ka rubuta insha'i na kalma 450, ana ba ka dogon rubutu ka taƙaita shi, akwai kuma sashen furucin kalmomi. Wanda bai taɓa cika shafi biyu da hannunsa ba sai ranar jarrabawa, hannun ma zai gaji kafin kai.

Lissafi kuwa ba a karanta shi kamar labari, yin sa ake yi. Tambaya biyar a rana da hannunka ta fi kallon malam yana warware hamsin a allo. In ka kasa, kada ka tsallake, gama lissafi gini ne, in tubalin ƙasa ya karkace na sama ba ya tsayawa. Ka koma littafin ƙaramar sakandare ba tare da jin kunya ba. Kuma a nuna hanyar da aka bi, domin a sashen da ake rubuta aiki, mai gyara yana ba da maki a kan matakai ko da amsar ƙarshe ta kuskure.

Ku nemi littafin tsofaffin tambayoyi, ana sayar da shi wurin masu littattafai a Sabon Gari da sauran kasuwanni. In kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗu ku huɗu ku saya. Ku ajiye agogo a gaba, ku amsa kamar a ɗakin jarrabawa, sa'an nan ku gyara wa juna. Wanda ya fi iya abu ya koya wa sauran, shi ma a nan zai gane inda iliminsa ya tsaya. Amma ƙungiyar karatu in ta wuce mutum biyar ta zama majalisa, sai hirar ƙwallo. Waya kuma a ba uwa ajiya har a tashi.

Wani kuskure da ake yi tun a SS1 shi ne zaɓen sashe. Uba na son a ce ɗansa likita ne, sai a tura yaro kimiyya alhali makarantar ba ta da ɗakin gwaji, yaron kuma hankalinsa na wajen kasuwanci. Fizis da kemistiri da bayoloji suna da jarrabawar aikin hannu. Kafin a zaɓa a je a ga makarantar da ido, a tambaya ko akwai malamin darasin, ko yara na taɓa kayan gwaji. In babu, a sani tun da wuri, a nemi dabara.

Kada kuma a kashe jiki. Wanda ya kwana yana shan shayi da goro har asuba, gobe a aji barci zai yi, abin da ya karanta kuma ya zube. Ƙwayoyin hana barci da wasu ke ba juna, ku guje su, mun ga inda suka kai samari. A ci abinci kafin a fita ko da koko ne.

Sai maganar da ba a son faɗa a fili, watau satar jarrabawa. Akwai makarantun da ake kai yara a shekarar ƙarshe, a biya kuɗi mai yawa, a ce za a rubuta musu amsa a allo. Akwai masu sayar da tambayoyi ta waya, rabinsu ƙarya. Wasu iyaye har rance suke ci domin wannan. Jama'a, wannan ciniki ne na asara. Hukuma takan riƙe sakamakon waɗanda ta zarga, takan soke shi, akwai kuma dokar 1999 da ta sa satar jarrabawa ta zama laifin da ake hukunta mutum a kai. Ko yaro ya tsira da A1 na saye, kwamfutar JAMB na jiransa, bayanta kuma malamin jami'a. Amma abin da ya fi ba mu takaici shi ne wannan: kasuwar satar amsa kasuwa ce ta mai kuɗi. In maki ya zama abin saye, wa zai fi saye, mu ko su? Gaskiyar jarrabawa ita ce kaɗai filin da ɗan mai tura baro zai iya kayar da ɗan kwamishina. Duk talakan da ya taimaka aka ɓata ta, katangar gidansa ya rushe.

Ba mu ce hukumomi ba su da nasu laifi ba. A watan Mayu na 2025 takardar Turanci ta WAEC ta yi jinkiri a wurare da yawa har yara suka rubuta ta da dare da hasken tocila, hukumar kuma ta ba da haƙuri. A watan Agusta na shekarar ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an sami kuskure wajen gyara, adadin ya koma kashi 62.96. Ku duba yawan gidajen da aka kwana ana kuka a banza. Aji mai yara fiye da kujeru, malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, makarantar da ba ta da ɗakin karatu, duk waɗannan za mu ci gaba da faɗa a kansu a wannan shafi da wajen taro. Malam Aminu Kano kafin ya zama jagoran NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, malamin makaranta ne, ya koyar a Midil ta Bauchi da kuma Maru, bai kuwa taɓa raba maganar 'yancin talaka da ta iliminsa ba. Amma yaron da ke SS2 yau ba zai iya jiran canjin gwamnati ba.

Ga wasu ƙananan abubuwa da ke kayar da manyan yara. A tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a rajistar makaranta da lambar ɗan ƙasa ta NIN, gama tun 2021 JAMB ba ta yin rajista sai da ita, harafi ɗaya in ya saɓa sai a yi ta zarya. A fara tara kuɗin jarrabawa tun daga SS1, a asusu ko adashi, kada a dogara ga alkawarin cewa gwamnati za ta biya. A karɓi rasit. Kada yaro ya raina gwajin aji, domin makaranta na aika makinsa ga hukuma. In kuma an faɗi darasi ɗaya, duniya ba ta ƙare ba: akwai jarrabawar masu zaman kansu da hukumomin biyu ke yi, jami'o'i da yawa kuma suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe a darussa da dama.

Muna roƙon shugabannin rassa na unguwanni da na kasuwanni su ɗauki wannan a matsayin aikin jam'iyya. Ofishin reshe yawanci a rufe yake daga magariba sai ranar taro. A buɗe shi, a yi karo-karo a sayi fitila mai aiki da hasken rana da tabarmi da allo. A cikin mambobinmu akwai malaman makaranta da ɗaliban jami'a, ko wanensu ya ba da dare ɗaya a mako, ɗaya Turanci, ɗaya lissafi. 'Yan mata a ba su lokacin la'asar, mace ta zauna da su. Kada a tambayi yaro jam'iyyar ubansa a bakin ƙofa. Duk reshen da ya shirya, sakatarensa ya aiko wa ofis da yawan yaran da sunayen malaman da suka yarda, za mu buga su a wannan shafi mako mai zuwa in Allah ya kai mu.