Baƙuwar da ba ta iya gaisuwarmu ba, laifin wa?

Makon jiya, muna rufe shirinmu na yamma ke nan, wata ƙanwarmu daga Bukoki ta kira mu tana kuka. An sallame ta daga wani shago da wata 'yar ƙasar Sin ke riƙe da shi. Kakarta ce ta rasu a ƙauye, ta je neman izini, ta ɗaga yatsu uku, madam ta gyaɗa kai. Ita yarinya kwana uku take nufi. Ita ko madam ta ɗauka ƙarfe uku za ta dawo. Ran da ta koma, an riga an sa wata a gurbinta. Wata takwas suna aiki tare, amma kalmomin da ke tsakaninsu ba su kai ashirin ba, sauran duk nuni ne da hannu da 'yar na'urar lissafi.

Shinuwa fa ba baƙin jiya ba ne a Nijar. Tun 1976 likitocinsu ke zuwa aiki a asibitocinmu, da mata a cikinsu. Su suka gina filin wasa na Seyni Kountché, da gada ta biyu da aka buɗe a 2011, da babban asibitin Référence a 2016, ga matatar mai ta SORAZ a Damagaram. Gini kam mun gani. Amma mu tambayi kanmu: cikinmu wa ya taɓa ganin Bashinuwa a gidan suna ko zaman makoki? Daga masauki sai wurin aiki, cikin mota, gilashi a rufe.

Kada wani ya ce mana harshenmu ne ya fi ƙarfinsu. Mu 'yan rediyo mun san ba haka ba ne. Tun 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ke watsa shiri da Hausa, kuma duk mai kama tashar ya ji matan Sin masu sunan Kande da Lubabatu suna karanta labarai da Hausa tsaf, har da karin magana. A jami'a suka koya, can Beijing, inda babu kasuwar Katako balle mai tallan fura. To wadda ke zaune a Plateau, Hausa da Zabarmanci na shiga kunnenta safe da yamma, mene ne uzurinta?

Ku dubi matan Togo da Benin da ke sayar da abinci a unguwanninmu. Ba su shiga aji ba, amma kafin shekara ta zagayo za ka ji suna "fofo", suna "marje no?", suna ciniki har su fi mu wayo. Sun gane cewa idan an ce dala ashirin, sefa 100 ake nufi, jikka kuma 1000. Wannan lissafi ba a littafi yake ba, a bakin mutane yake.

Sai dai mu ma da namu laifin, gaskiya ɗaya ce. Baƙuwa ta fito da ƙafa, yaranmu na bin ta suna "Shinuwa, Shinuwa" suna kwaikwayon maganarta, manya na dariya. Ta tsaya sayen tumatir, a ninka mata kuɗi sau uku. Ta yi ƙoƙarin cewa "sannu", a fashe da shewa. Mace mai kunya, a ƙasar da ba tata ba, sau nawa za a yi mata haka ta sake fitowa? Mu da 'yan uwanmu mata ke aikatau a Aljeriya da Saudiyya, muna jin irin wahalar da rashin Larabci ke ja musu, ai bai kamata a koya mana tausayin baƙo ba.

Abin ya wuce gaisuwa. A watan Maris na 2025 hukumomi sun sallami wasu manyan jami'an Sin uku na ɓangaren man fetur, kuma cikin dalilan da aka bayar har da bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Inda ma'aikaci da ubangidansa ba su magana sai ta bakin tafinta, ƙorafi taruwa yake har ya fashe. A asibiti kuma, "uku a rana" da "bayan kwana uku" na iya zama rai da mutuwa.

Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To a gani a ƙasa. Jami'ar Abdou Moumouni na da malaman harsuna, muna da ƙwararrun yaƙi da jahilci da suka saba koyar da manya. A buɗe ajin yamma na baƙi, mata su koyar da mata, Hausa da Zabarmanci na kasuwa da asibiti da wurin aiki. Kamfanonin da ke kawo ma'aikata su biya kuɗin. Mu kuma a rediyo muna iya ba da minti goma kowane mako.

Gobe in Allah ya kai mu za mu raka ƙanwarmu shagon, tare da wani matashi da ya yi karatu a Sin, a warware zancen yatsu uku. Ku yi mata addu'a aikinta ya dawo. Ku kuma da ke aiki da Shinuwa, ku faɗa mana: da wane harshe kuke fahimtar juna?