ITACEN FADA YA SHA WUTA, MANOMI YANA DUHU

Jama'a, kowace shekara idan Kirsimeti ta gabato, akan kewaye wani ƙaton itace da ƙwayayen lantarki kusa da fadar Shugaban Amurka a birnin Washington, Shugaba ya zo ya kunna, a yi ta tafi, a ce wai itacen al'umma duka ne. Mu ba mu yarda ba. Ba da addinin kowa muke ba, da masu fakewa da sunan al'umma muke.

Ran 24 ga Disamba 1923 aka fara abin, zamanin Shugaba Calvin Coolidge. An saro itace mai tsawon ƙafa 48 daga jihar Vermont, aka rataya masa ƙwayaye 2,500, ja da fari da kore. To, wa ya kawo shawarar? Ba limamin coci ba ne, ba kuma talakan gari ba. Wani injiniya ne, Frederick Feiker, tare da ƙungiyar kamfanonin lantarki masu neman hanyar da mutane za su ƙara sayen ƙwayaye, su ƙara shan wuta. Ku 'yan kasuwa kun san sunan wannan: talla ke nan. Amma ku da bakinku kuke tallarku cikin rana, su kuwa Shugaban Ƙasa ne ya yi musu tasu kyauta.

Abin mamaki, shi Coolidge ɗin nan, cikin watan Agusta na wannan shekara, da fitilar kananzir aka rantsar da shi a gidan ubansa can Vermont, domin babu lantarki a gidan. Ashe ya san duhun ƙauye sarai! Duk da haka har 1935, shekara goma sha biyu bayan wannan biki, cikin gidajen gona goma na Amurka kamar ɗaya kaɗai ke da wuta. Kamfanoni sun ƙi ja musu waya saboda babu riba, sai da gwamnatin Roosevelt ta shiga maganar da rancen kuɗi ga ƙungiyoyin manoma.

Baƙaƙen fata na Washington fa? A daren farko sai tsakar dare suka yi nasu taron a gindin itacen, bayan manya sun watse. 'Ya'yansu kuwa ba su zauna aji ɗaya da 'ya'yan Turawa a makarantun gwamnati na birnin ba sai 1954. Shin wace al'umma ce aka kunna wa itacen a 1923?