Farar Funfuna: Cutar Da Ke Ɓuya Cikin Ƙurar Hunturu

Daga Wakilinmu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da mangwaro ke huda, masu noman rani a Kadawa da sauran fadamun Arewa kuma suna ban ruwa, akwai wata cuta da ke shiga lambu ba sallama. Ita ce farar funfuna, wadda ke rufe ganye da fure kamar an barbaɗa musu gari. Abin da ya sa muka ga ya kamata a duba ta yanzu shi ne ta kan zo daidai da ƙurar hunturu, sai manomi ya ɗauka ƙura ce, ba zai farga ba sai furen ya bushe ya kaɗe.

Wannan funfuna ba ta rayuwa sai a jikin ɗanyen tsiro. Tana shimfiɗa zarenta a bisa fatar ganye, ta soka 'yan bakunanta ciki tana tsotsar abinci. Farin garin da ake gani kuwa irinta ne, iska ke ɗauke da shi daga wannan shuka zuwa waccan. Yawancin cututtukan ganye sai da ruwan sama suke bunƙasa, amma ita ba ta bukatar ganye ya jiƙe. Busasshen yini da sanyin dare mai 'yar laima sun ishe ta, musamman inda shuka ta cunkushe ko inuwa ta yi yawa.

Gane ta ba wuya. Ƙura ba ta zaɓe, ta kan hau ganye da dutse da ciyawa bai ɗaya. Funfuna kuwa tabo-tabo take farawa, kamar an ajiye kwabbai, ta fi son sabon toho, in an goge ta kuma bayan 'yan kwanaki ta dawo. A kuɓewa da kabewa da kankana a fili take. A tattasai da tumatir sai an juya ganyen, domin irin da ke kama su cikin ganye yake shiga: sama rawaya, ƙasa fari. Kusan kowane jinsi da shukar da yake ci, watau ta mangwaro ba ita ce ta kabewa ba.

Kada a raina ta. A 1845 aka fara ganin wadda ke kama inabi a garin Margate na Ingila, bayan ta ƙetaro daga Amurka. Ya zuwa 1854 amfanin gonakin inabi na Faransa ya ragu da fiye da rabi, sai da aka koma ga farar wuta sannan aka samu sa'ida. Har yau farar wuta na cikin magungunanta, amma fa in aka fesa ta cikin zafin rana tana ƙona ganye.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sayen magani. Akwai wata cuta mai kama da ita, irin wadda ke lalata gero da damina, wadda ke fitowa a ƙasan ganye in an yi lema. Ba danginta ba ce ko kaɗan, kuma maganin metalaksil da ke kashe waccan ba ya taɓa wannan. Manomin da ya je kasuwa ya ce wa mai shago "maganin funfuna" kawai, yana iya komowa da abin da zai ci kuɗinsa a banza, furen mangwaro kuwa ba ya jira. A ganinmu wajibi ne Ma'aikatun Aikin Gona na jihohi su tura malaman gona lambuna tun kafin huda ta buɗe, su kuma yi amfani da shirye-shiryen manoma na rediyo su bayyana wannan bambanci da Hausa.