Garanti Bashi Ne a Wuyan Dila

Duk wanda ya taɓa sayen mota ko babur a jihar Maraɗi ya san fuskoki biyu na dila. Ta farko ita ce ta ranar ciniki: a ba ka kujera, a kawo ruwan sanyi, a ce maka akwai garanti, ko me ya samu abin hawan ka dawo da shi. Ta biyu ita ce ta ranar da ka dawo da shi ɗin. A ranar maigida ya yi tafiya, yaron shago ba shi da ta cewa, wayar da ake ɗauka da bugu ɗaya ta daina shiga. In ka yi sa'a ka riski maigidan, sai ya tambaye ka wane mai ka zuba, wace hanya ka bi, wa ya taɓa injin. Kafin ka gama amsawa laifin ya koma kanka.

Da malaman makaranta da iyaye nake magana, musamman na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, domin su abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Malamin da aka tura wani ƙauye a bayan Gangara ko Cadakori bai sayi babur don ado ba. Shi ke kai shi aji da safe, shi ke kai shi karɓar albashi, shi ne motar asibitin unguwa idan naƙuda ta tashi da tsakar dare. Sau da yawa da bashi ko kwasar adashi ya saya. Uba kuma yakan sayar da aya da wake da gyaɗar da ya noma, wani lokaci har da bijimin huɗa, ya saya wa ɗansa babur ɗin kabu-kabu don kada yaron ya tafi ci-rani. Idan injin ya buga a wata na biyu kuma dila ya zame, asarar ta wuce ta mutum ɗaya: ajin yara ya zauna babu malami, noman shekara guda ya bi ruwa.

Maganata ɗaya ce. Garanti yana cikin kuɗin da ka biya. Da shi aka rinjaye ka ka bar abin hawa mai arha a hannun wani ka zo wannan shago. Wanda ya karɓi kuɗin alkawari kuma ya ƙi cikawa ya ci haƙƙi, ko da ya kira abin da sunan tsarin kamfani.

Bari mu bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, mai. Za a ce ka zuba man kwalba na 'yan ruwa-ruwa, shi ya kashe injin. To, dila a Maraɗi yake zaune, ba a Faransa ba. Ya san cewa da zarar ka sauka daga kwaltar da ta ratsa Gidan Rumji, Cadawa, Agye da Gazawa ta nufi Tasawa, gidan mai sai ka nema. Ya san irin man da mai sayensa zai samu, kuma bai hana shi karɓar kuɗin ba. Sannan gurbataccen fetur yana da inda yake ɓarna: kaburata, famfon mai, filogi, cikin inji. Me ya haɗa fetur da giyar da take kuɓucewa, ko wayoyin wuta da suka ƙone, ko birkin da ya ƙi kamawa? Idan dila ya ce mai ne, ya buɗe injin a gaban makanikin da ku biyu kuka yarda da shi, ya nuna. Wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida.

Ta biyu, hanya. Wai yashi da ramuka ne suka lalata abin hawan. Da a ranar ciniki an ce maka wannan babur na kan kwalta ne kawai, da ba ka saya ba. Da ƙarfinsa a yashi aka yi maka tallarsa. Ba a sayar wa mutum raƙumi sannan a ce ya yi laifi don ya shiga da shi sahara.

Ta uku, wai ka kai wa wani makanike. Mutumin da babur ɗinsa ya mutu a tsakanin Gidan Sori da Tibiri, turawa zai yi har birni don kada garanti ya ɓaci? A Amurka tun 1975 dokar Magnuson-Moss ta hana kamfani ya ɗaure garantinsa da sharaɗin sai an yi amfani da kayan gyaransa ko garejinsa, in dai ba kyauta yake ba da su ba. Hikimar a fili take: abin tambaya shi ne ko taɓawar da aka yi ce ta jawo wannan lalacewar. Canza taya ba ya fasa fistin.

Ta huɗu ita ce mai ƙarfi, kuma mu muka ba su ita: babu takarda. Muna ciniki da amana, muna jin kunyar neman rasit wai kada a ce ba mu yarda da Alhaji ba. Amma ko a nan dila bai tsira ba, domin akwai garantin da doka ta ɗora masa ko bai furta ba. Dokar cinikayya tsakanin jama'a da Nijar ta gada daga Faransa, wato Code civil, daga sashe na 1641, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ke hana amfani da kaya, ko ya rage amfaninsa ta yadda da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya haka ba. Mai saye na da zaɓi: ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa farashi. Sharaɗin shi ne ya taso da maganar da wuri, kuma aibin ya zama ba wanda ido ke gani ranar ciniki ba. A Faransa ma kotuna sun daɗe suna ɗaukar wanda sana'arsa ke nan a matsayin wanda ya san aibin hajarsa. Ban da wannan, tun 2015 Nijar tana da dokar kare haƙƙin masu saye.

Kuma kada wani ya ce wannan dokar Nasara ce. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci Risala ko Muhtasar ya ga babin mayar da kaya saboda aibi. Malamanmu suna kawo misalin dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a yaudari mai saye. Shari'a ta ba shi damar mayar da ita. Motar da aka mayar da ƙidayar kilomitarta baya, ko aka zuba wa baƙin mai mai kauri don ya rufe ƙarar inji, ita ce wannan dabbar a zamaninmu. Dillalin kara a kasuwar dabbobi ya san wannan hukunci. Me ya sa dilan mota zai ce bai shafe shi ba?

Dila zai ce shi ma yana da kuka, kuma a saurare shi. Yawancin motocin da ke zuwa mana kwance ne daga Turai, an ci rabin ƙarfinsu kafin su sauka a tashar jirgin ruwa. Tun da aka rufe iyakar Binin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, kayan gyara suka yi tsada suka yi wuyar samu. Akwai kuma masu saye da ke ɗora buhu uku da mutum biyu a babur, su shekara ba juyen baƙin mai, sannan su zo suna kumfar baki. Duk gaskiya ne. Amma maganin wannan shi ne dila ya faɗi gaskiya ranar ciniki: wata nawa, kilomita nawa, me ya shiga, me bai shiga ba. In ba zai iya ba da garanti ba, ya ce babu, ya rage kuɗi. Abin da ba za a lamunta ba shi ne a yi alkawarin don a sayar, a ci ribarsa, sannan a nemi hanyar gudu.

Saura namu aikin. Kada ka biya sai an rubuta maka takarda mai kwanan wata, farashi, lambar inji da lambar jiki, da tsawon garantin da abin da ya ƙunsa. Ka tafi da shaidu biyu da makanikinka. Ka riƙa rubuta ranar kowane juye. Da ka ji baƙon sauti, ka sanar da dila a ranar ta saƙon WhatsApp, ka ajiye saƙon, ka ɗauki hoto. In ya ƙi, ka kai masa wasiƙa ka riƙe kwafi. Daga nan a nemi sulhu wajen shugabannin kasuwa ko sarakunan gargajiya. In ya faskara, akwai ƙungiyoyin kare masu saye irin ADDC-Wadata, akwai kuma kotu.

Malamai, kuna da abin da sauran masu saye ba su da shi: kun iya rubutu, kuna da ƙungiyoyi, kuna da yawa. Idan malamai ashirin na gunduma ɗaya za su sayi babura, su je tare, su gindaya sharaɗin garanti a rubuce. Ku taimaki uban da bai iya karanta Faransanci ba ya san abin da yake sa wa hannu. Ku gaya wa juna wane dila ne ya cika alkawari, ku kai masa ciniki. A aji kuma, a cikin darasin lissafi, a koya wa yara menene rasit da amfaninsa.

Haƙurin da ake ba wanda aka zalunta, alhali azzalumin na zaune yana jiran na gaba, ba shi ne haƙurin da aka yaba ba. Ka nemi haƙƙinka da ladabi, da takarda, kuma kada ka gaji. Allah Ya ba mu 'yan kasuwa masu amana, Ya ba mu ƙarfin halin tambaya.